Darasin Kiwon Lafiya: Ɓamɓarewar Tantanin Gani Da Aikin Da Ake Yi Masa A Asibiti

Akwai ciwon ido wanda ba ya zafi, ba ya ƙaiƙayi, ba ya kawo kwantsa ko hawaye. Wanda ya dubi idon mai ciwon ba zai ga komai ba. Farin yana nan tas, baƙin ma lafiya lau, kamar na kowa. Amma cikin 'yan kwanaki gani yana iya tafiya. Wannan ciwo shi ne ɓamɓarewar tantanin gani. Darasin wannan wata zai yi bayani a kansa, musamman irin wanda ya rikice, da aikin da likitoci ke yi masa, da abin da majiyyaci zai sa rai da shi bayan an gama aiki.

A ɗauka wani manomi ne mai shekara 55. Ran nan yana noma sai ya riƙa ganin wasu baƙaƙen ɗige-ɗige suna yawo a gabansa kamar ƙudaje. Ya kai hannu ya kore su, ba su koru ba. Da dare kuma ya ga wani haske yana gilmawa ta gefen ido kamar walƙiya, alhali babu hadari. Bayan kwana biyu sai wani duhu ya taso daga ƙasan idon, kamar ana jan asabari a ƙofar ɗaki. Da yake babu zafi, kuma ɗaya idon yana gani, sai ya ce bari a gama aikin gona tukuna. Ya sayi maganin ɗigawa a kemis, ya sa kwalli. Bai je asibitin ido ba sai bayan kaka, wata uku ke nan. To, a cikin watannin nan uku ne ciwo mai sauƙin aiki ya koma ciwo mai wuyar aiki.

YADDA CIKIN IDO YAKE

Ido kamar ɗan zagayayyen ɗaki yake. Girmansa bai wuce ƙaramin lemun tsami ba, faɗinsa wajen milimita 24. Haske yana shiga ta gaba, ta baƙin ido, ya ratsa wani ɗan madubi. Wannan madubi ne yake yin fari idan mutum ya samu yanar ido. A bayan madubin, cikin ido cike yake da wani ruwa mai yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai. Bangon ciki kuwa a lulluɓe yake da wani tantani siriri wanda kaurinsa bai kai rabin milimita ba. Likitoci suna kiransa ratina. Shi ne tantanin gani. Shi ke karɓar hoton abin da mutum ya duba, ya aika wa ƙwaƙwalwa ta cikin jijiya. A tsakiyarsa akwai wani ɗan wuri da bai fi ƙwayar wake ba, ana ce masa makula. Da wannan ɗan wuri ake karatu, ake gane fuska, ake zura zare a allura, ake ƙidaya kuɗi.

Tantanin yana manne da bangon ido kamar yadda yaɓe ke manne da katanga, kuma daga bangon yake samun wani sashe na abincinsa. Kowa ya san abin da ke faruwa idan yaɓe ya tsage da damina. Ruwa yakan bi ta tsagar ya shiga baya, yaɓen ya kumbura, ya ɓamɓare. Haka yake a ido. Idan shekaru sun ja, ruwan nan mai yauƙi yakan tsinke, ya ja da baya. Ga yawancin mutane wannan ba ya yin wata ɓarna. Amma ga wasu, wajen ja da bayan sai ya fizgi tantanin ya yaga shi. Ruwa ya bi ta yagar ya shiga ƙarƙashi, tantani ya rabu da bango. Duk inda ya rabu, nan ya daina gani. Idan ya daɗe a rabe, sai ya fara mutuwa.

A kowace shekara, ciwon yakan sami kimanin mutum 1 a cikin 10,000. Wato ƙaramar hukuma mai mutum 200,000 tana iya samun mutum 20 a shekara. An fi samunsa ga waɗanda suka haura shekara 50, da masu sa tabarau mai kauri don ba sa hangen nesa, da waɗanda aka yi wa aikin yanar ido, da waɗanda suka taɓa buguwa a ido.

WANDA YA RIKICE

Idan yaga guda ce, kuma an zo da wuri, aikin yana da sauƙi ga gwani. Wanda ake kira rikitacce shi ne wanda wani abu ya ƙaru a kai.

Babban abin da ke rikita shi tabo ne. Mahauta da majema sun san ɗanyar fata. Idan an feɗe ta aka kafe ta da turaku, takan bushe a miƙe. Idan aka yar da ita haka nan, sai ta ƙanƙance, ta nannaɗe, ta yi tauri, ba mai iya shimfiɗa ta. Tantanin gani da ya daɗe a ɓamɓare haka yake yi. Wasu ƙwayoyin halitta suna fitowa ta yagar su bazu a kansa da ƙarƙashinsa, su saƙa wata yana mai kama da saƙar gizo-gizo. Yanar nan sai ta riƙa tsukewa tana jan tantanin, har ya tattare wuri ɗaya kamar mazurari. Wannan tabo yakan fito wa mutum 5 zuwa 10 a cikin 100 na masu ciwon, kuma shi ne ya fi komai sa aiki ya warware bayan an yi shi. Ya fi yawa ga wanda ya makara, da wanda jini ya zuba a cikin idonsa. Abin da ya sami manomin nan ke nan.

Ciwon sukari da aka bari ba kulawa shi ma yana kawo nasa. Ƙananan jijiyoyin jini na tantanin suna toshewa, sai wasu sababbi marasa ƙwari su tsiro. Su zubar da jini, su bar tabo, tabon ya ɗaga tantanin ko da babu yaga. Masu amosanin jini, wato sikila, su ma suna samun irin wannan, musamman masu nau'in da ake kira SC. Abin mamaki, su ne ciwon ƙashi bai cika kayar da su ba, saboda haka da yawansu ba su ma san suna da shi ba.

Sai rauni. A karkara wannan ba baƙon abu ba ne: ƙahon sa, jifan danƙo, bulala, ƙaya, tsinken kara lokacin girbi, haɗarin babur. Wani lokaci tantanin ba ya ɓamɓarewa nan take, sai bayan watanni, an ma manta da bugun. Akwai kuma babbar yaga, wadda ta ci kashi ɗaya cikin huɗu na kewayen ido ko fiye, har tantanin ya naɗe a kan kansa kamar gefen tabarma.

Dole a ambaci masu yawo ƙauye-ƙauye suna kwantar da yanar ido da tsinke. Abin da suke yi shi ne su soka tsinke su tura madubin nan da ya yi fari ya faɗa cikin ido. Mutum yakan ga haske a ranar, ya yi murna, ya biya. Amma madubin yana can ciki yana ta da kumburi, tsinken kuma yana iya yaga tantanin. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa fiye da 40 cikin 100 na idanun da aka taɓa saboda yana, irin wannan aiki aka yi musu, kuma mafi yawansu ba sa gani. Arahar da ake gani a wurinsu tsada ce.

YADDA AKE AIKIN

Kafin shekarar 1920, wanda tantaninsa ya ɓamɓare kusan ya makance ke nan. Wani likita a garin Lozan na ƙasar Suwizalan, mai suna Jules Gonin, shi ya nuna cewa yagar ce tushen ciwon. Idan aka nemo ta aka toshe, ruwan da ke ƙarƙashi zai tsotse, tantani ya koma. Ya riƙa ƙona wurin yagar da ƙarfe mai zafi ta bayan ido. An daɗe ana yi masa gardama, sai a taron likitocin ido na duniya da aka yi a Amsterdam a 1929 aka sallama masa. Har yau duk aikin da ake yi a kan wannan dabara tasa yake. Sai dai yanzu ba a amfani da ƙarfe mai zafi. Ana liƙe gefen yagar da hasken leza, kamar yadda mai walda ke haɗa ƙarfe, ko kuma da sanyi mai tsanani. Liƙin yakan ɗauki kwana 10 zuwa 14 kafin ya yi ƙwari, don haka dole a sami abin da zai riƙe tantanin a wurinsa har ya kama.

Hanya ta farko ita ce ɗamara. Wani likitan Jamus, Ernst Custodis, ya fara ta a 1949. Ana ɗinka wata 'yar roba mai laushi a jikin farin ido ta waje, can baya inda ba a gani. Robar tana tura bangon ido ciki har ya haɗu da tantanin. Tun da yaɓe ya ƙi zuwa wurin katanga, sai a kai katanga wurin yaɓe. Ba a cika cire ɗamarar ba, tana zama har iyakar rai. Tana da kyau ga matasa da waɗanda suka zo da wuri. Amma ita kaɗai ba ta iya miƙe tantanin da tabo ya riga ya tattare.

Irin wannan sai an shiga ciki. A 1970, a birnin Miyami na Amurka, Robert Machemer ya fara aiki da wata na'ura mai yanka ruwan nan mai yauƙi tana zuƙe shi. A yau ana yin ƙananan huji guda uku a farin ido, kowanne kamar bakin allura. Ta ɗaya ake zuba ruwa don kada ido ya lotsa, ta ɗaya ake sa fitila, ta ukun kuma ake sa abin yanka. Likita yana duba ciki ta madubin ƙara girma. Bayan ya kwashe ruwan yauƙin da jinin da ya zuba, sai ya ɗauki ɗan hantsaki ya riƙa ɓare yanar tabon daga jikin tantanin a hankali. Nan ne wuyar aikin take, domin abin da ake ɓarewa da abin da ake so a tsirar duk sun fi ɓawon albasa sirantaka. Aikin yana iya cin awa biyu ko uku. Idan wani gefe ya yi taurin da ba zai miƙu ba, sai a yanke shi a bar sauran ya kwanta. An gwammace a rasa ganin gefe a tsira da na tsakiya. Ga masu ciwon sukari, sau da yawa akan yi allura a cikin ido 'yan kwanaki kafin aiki don rage zubar jini.

Akwai wani ruwa mai nauyi, wanda ya fi ruwan sha nauyi kusan ninki biyu. Stanley Chang ne ya shigo da shi cikin wannan aiki a Amurka a 1987. Idan aka zuba shi, sai ya nutse ya danne tantanin, ya warware naɗin, kamar ana shimfiɗa tabarma da tafin hannu. Da an yi liƙi da leza sai a zuƙe shi, ba a barinsa ya zauna.

A ƙarshe sai a cika idon da abin da zai tokare tantanin daga ciki. Ko dai iska ta musamman, ko man silikon. Iskar tana ɓacewa da kanta. Wata takan yi mako biyu, wata har mako takwas, ido kuma ya maye gurbinta da ruwansa. Man silikon, wanda Paul Cibis ya fara sa wa mutane a 1962, fari ne garau, kuma ba ya ɓacewa. Shi ake zaɓa wa ido mai tabo da yawa, da yara, da wanda ido ɗaya ya rage masa, domin ana ɗan gani ta cikinsa tun farko. Amma sai an sake wani aikin an cire shi, galibi bayan wata 3 zuwa 6.

RABIN AIKIN NA MAJIYYACI NE

A sami kwalba a zuba mata ruwa kada ta cika, a toshe, a jujjuya ta. Za a ga iskar kullum sama take komawa. Iska da man da ke cikin ido ma haka suke, sama suke tasowa. Saboda haka likita zai ce wa majiyyaci ya riƙa kifa fuska ƙasa, ko ya kwanta ta wani gefe, domin iskar ta danne daidai inda yagar take. Yakan ɗauki 'yan kwanaki, wani lokaci mako guda ko fiye, dare da rana, sai ɗan hutu na cin abinci da kewayawa. Akwai gajiya da ciwon wuya. Amma wanda ya koma kwanciya rigingine ya ɓata aikin da aka sha wahala a kansa. A nan iyali suke da amfani: mai tuna masa, mai gyara masa matashi, mai ɗiga masa magani a kan lokaci. Batun ruku'u da sujada, da ranar komawa gona ko ɗaukar kaya, a tambayi likita kafin a bar asibiti, domin amsar ta danganta da inda yagar take.

Mai iska a ido ba ya shiga jirgin sama har sai likita ya tabbatar ta ƙare. A sama iskar tana kumbura, ta matse jijiyar gani, mutum ya makance kafin jirgi ya sauka. Wanda ya biya kuɗin Hajji ko Umara ya faɗa wa likita tun kafin aiki, domin mai man silikon yana iya shiga jirgi. Hawa wuri mai tudu sosai, irin tsaunin Mambila, shi ma sai da izini. Haka kuma idan wata larura ta sa za a yi masa aiki a wani asibiti, ya gaya musu akwai iska a idonsa, saboda akwai wata iskar sa barci da ke kumbura ta.

Man silikon da aka manta da shi yana da nasa sharri. Yakan farfashe ya zama ƙananan ɗige, ya toshe magudanar ruwan ido, ya kawo hawan jinin ido, ko ya dusashe baƙin ido. Mutane da yawa da sun ga sauƙi ba sa komawa, saboda nisa da kuɗin mota. Wannan kuskure ne babba. Yanar ido ma takan biyo bayan aikin ciki, musamman ga manya, galibi cikin shekara biyu. Ita wannan ba abin tsoro ba ce, ana cire ta.

ME AKE SAMU BAYAN AIKI?

A nan ne ake yawan samun saɓani tsakanin likita da majiyyaci. Likita zai duba ya ce aiki ya yi kyau, majiyyaci kuwa ya ce shi bai ga kyan ba. Dukansu gaskiya suka faɗa. Komawar tantani wurinsa daban, dawowar gani daban.

Idan ciwon bai rikice ba, a cikin ido 10 ana mayar da tantanin 8 ko 9 da aiki guda. Idan aka haɗa da waɗanda aka sake yi wa, sun haura 9. Gani kuwa ya dogara ga makula. Idan an yi aiki kafin duhun ya kai tsakiya, yawanci mutum yana tsira da ganinsa kusan yadda yake. Shi ya sa likitoci ke gaggauta irin wannan cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan tsakiyar ta riga ta ɓamɓare, aikin da aka yi cikin mako na farko ya fi ba da sakamako, duk da haka da wuya gani ya koma kamar da. Wasu suna ganin layi a karkace, ko abu ya ƙanƙance. Sauƙin yana zuwa sannu a hankali, har wata shida ko shekara.

Mai tabo da yawa labarinsa daban ne. Wani babban bincike da aka yi a Amurka, aka buga sakamakonsa a 1992, ya gwada man silikon da iska mai daɗewa a kan irin waɗannan idanu. An ga ba su da wani bambanci sosai. A mafi yawan idanun tsakiyar tantanin ta koma wurinta, amma kimanin 4 cikin 10 ne kawai suka samu ganin da zai ishe su tafiya ba ɗan jagora. Kayan aiki sun inganta tun daga lokacin, amma har yanzu irin wannan ido yakan buƙaci aiki biyu ko uku, kuma ba kasafai ake komawa karatu da shi ba. Kada a raina ganin tafiya. Ga mai ido ɗaya, shi ne zai sa ya kai kansa masallaci da kasuwa, ya ga kwanon abincinsa, ya gane rijiya kafin ya isa bakinta.

A Afirka makara ce babbar matsala. A asibitin ido na Kikuyu da ke Kenya, binciken da aka buga a 2002 ya nuna cewa a cikin ido 10 da aka kawo, 9 tsakiyarsu ta riga ta ɓamɓare kafin a iso. Duk da haka an mayar da tantanin kimanin 7 cikin 10 da aiki guda, kuma fiye da rabi sun sami gani mai amfani. Saboda haka wanda ya makara ma kada ya zauna a gida ya yanke wa kansa hukunci. A bar likita ya duba.

INA ZA A JE?

Ɗakin shan magani na ƙauye ba shi da kayan duba bayan ido. Ba ma kowane asibitin da ke cire yanar ido ne ke yin wannan aiki ba, domin yana buƙatar na'ura ta musamman da likitan da ya yi ƙarin horo a kai, kuma irinsu kaɗan ne. Wanda ya ga ƙudajen nan sun ƙaru farat ɗaya, ko walƙiya, ko duhu daga gefe, ya nufi asibitin ido mafi kusa a ranar ko washegari. Za a ɗiga masa maganin buɗe baƙin ido a leƙa ciki. Idan yaga ce kawai, tantani bai ɓamɓare ba, ana liƙe ta da leza cikin 'yan mintoci ya koma gida. Idan ya ɓamɓare, ya nemi takardar turawa zuwa inda ake aikin. A Arewa akwai Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a Kaduna, wadda aka kafa a 1979, da asibitin ido na ECWA a Kano, wanda yake tun 1943, da sassan ido na asibitocin koyarwa. Su za su faɗi inda ya dace a je.

Aikin yana da tsada, kuma ba kuɗin aiki kaɗai ba ne. Akwai mota, da masauki, da magani, da komawa sau da yawa, da aikin cire mai. Kafin a sayar da sa ko a jinginar da gona, majiyyaci yana da haƙƙin ya tambayi likita dalla-dalla: shin tsakiyar tantanin ta ɓamɓare? Aiki nawa ake tsammani? Wane irin gani ake sa rai, na karatu ko na tafiya? Akwai idon da likita zai ce aiki ba zai amfane shi ba, musamman wanda ya daina bambance haske da duhu. Jin haka ba daɗi, amma ya fi a yi asarar dukiya a banza.

Ko an yi aiki ko ba a yi ba, a sa likita ya duba ɗaya idon. Kimanin mutum 1 cikin 10 na masu wannan ciwo yakan same su a ido na biyu, kuma idan an ga wuri mai rauni ana iya liƙe shi tun bai yage ba. Mai ciwon sukari da mai amosanin jini su je a duba musu bayan ido sau ɗaya a shekara ko da suna gani garau. A gida kuma akwai gwaji mai sauƙi da ba ya cin ko kwabo. Da safe mutum ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ya dubi ƙofar ɗaki, ya ga ko kusurwoyinta huɗu duk suna nan, sannan ya sauya ya rufe ɗayan.